Haƙƙin Ɗan Da Ke Ciki: Ina Ne Gidansa?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin dukan masu haƙƙi a kan ɗan Adam babu wanda ya fi ɗan da ke cikin uwarsa rauni. Maraya yana iya kuka a ji shi, miskini yana iya miƙa hannu a gan shi, amma shi wannan ba shi da murya, ba shi da hannun miƙawa, alhali kuwa a cikin watannin nan tara a ke yanke masa shawarar da za ta bi shi har kabari: wane gari za a haife shi, wace unguwa zai buɗe ido a cikinta, su wa za su ɗauke shi in uwarsa ta gaji. Tambayar wannan mako ke nan. Mene ne gidan da ya wajaba iyaye su tanadar wa ɗansu tun bai zo ba? Gadonsa a ke yi, ko zaɓensa? Kuma in ya gagare su, wa laifin zai hau?

Abin da ya jawo maganar shi ne wani wasan kwaikwayo na silima da aka yi a Amurka a shekarar 2009, mai suna Away We Go, wanda wani Baturen Ingila, Sam Mendes, ya shirya. Ƙaramin fim ne, babu faɗa babu harbe-harbe, rabinsa ban dariya rabinsa ban tausayi. Labarin wani mutum ne Burt da abokiyar zamansa Verona, wadda ta ke da cikin wata shida. Sun zauna a garin da su ke ne domin kusanci da iyayen Burt, da fatan in an haihu kakanni za su kama musu. Kwatsam sai tsofaffin suka ce za su ƙaura zuwa birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, su yi shekara biyu, kuma za su tashi tun kafin a haifi jikar tasu. Ita Verona iyayenta duka biyu sun rasu. Da suka ga babu sauran abin da ya ɗaure su a garin, sai suka ɗauki jaka suka shiga duniya, suna bin 'yan'uwa da tsofaffin abokai gari gari, daga Phoenix zuwa Tucson, zuwa Madison, zuwa Montreal ta Kanada, zuwa Miami, suna duba inda ya dace su sauke kayansu.

Ko'ina suka je sai su tarad da abin da ya kore su. Wani gidan uwa ce mai zagin 'ya'yanta a gaban baƙi tana dariya. Wani gidan masu tsattsauran ra'ayin reno ne, waɗanda su ke ganin kowa batacce ne in ba su ba. Wani gidan cike ya ke da yara da fara'a, ashe duk 'ya'yan riƙo ne, matar kuwa tana fama da baƙin cikin ɓari a kai a kai. A na ƙarshe suka iske ɗan'uwan Burt matarsa ta gudu ta bar shi da 'yar ƙaramar yarinya. Daga baya sai ga su a tsohon gidan iyayen Verona, inda ta taso, wanda ta daɗe tana gudun komawa saboda kewar mamatanta.

Wajibi ne a faɗi abu guda tun da wuri. Mutanen nan biyu ba su da aure a tsakaninsu, kuma a Musulunci wannan tauye haƙƙin ɗa ne tun daga tushe, domin farkon abin da ya ke bin iyayensa bashi shi ne tsarkin nasaba. Amma hikima kayan mumini ce da suka ɓace, duk inda ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita. Tambayar da suka ɗauko a ka tambaya ce ta gaskiya, kuma ta riga ta iso ƙasar Hausa.

A da, in an ba Bahaushe wannan labari dariya zai yi, domin al'adarsa ta riga ta ba da amsa. Mace in ta yi cikin fari, da ya kai kamar wata bakwai sai a mai da ta gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta haihu a hannun uwa da ungozoma, can za a yi mata wankan jego na kwana arba'in, can za a koya mata yadda a ke riƙe jariri da ba shi mama, sa'an nan a mai da ta ɗakinta da gara. Shi kuwa mijin yana nan a sashensa cikin gidan ubansa, tsakanin yayye da ƙanne. Ba wanda ya ke neman gida, domin gidan ya riga kowa zuwa.

Wanda ya ke son ya ga yadda wannan amsa ta fara girgiza, ba sai ya je Amurka ba. Ya fita daga birnin Sakkwato ya bi hanyar da ta nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai iske Kwalkwalawa a bakin gulbin Rima. Mutanenta manoman fadama ne da masunta. Shinkafa da albasa da tumatir da kifinsu na cikin abin da birni ya ke ci. Gulbin da ke ciyad da su kuwa yana gangarowa ne ta madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama gininta a 1984. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ya kwararo ya shafe gonaki da gidaje a garuruwan da ke bin gulbin, ya yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni a daidai Kwalkwalawa, har mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Ruwa ba ya tambayar wa ke da ciki. A cikin waɗanda suka kwana a azuzuwan makarantu lalle akwai matan da watansu ya tsaya, kuma gidan iyayen da za su je goyon ciki shi ma yana cikin ruwa.

Ruwa ya janye, aka gyara hanya, mutane suka koma fadamarsu. Amma ba a daɗe ba wata ambaliyar ta zo, wadda ba ta janyewa da kaka. Tun daga 2018, lokacin da 'yan bindiga suka far wa ƙauyukan ƙasar Gandi a ƙaramar hukumar Raba, jama'a ke ta barin garuruwansu a gabashin jihar, daga Isa da Sabon Birni da Goronyo. Wasu suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, wasu suka shigo birnin Sakkwato suka raɓe a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba. Ga kuma kashi na uku, waɗanda ba ruwa ba bindiga: matasa ma'aikata da 'yan kasuwa da almajiran ilmi, waɗanda neman abinci ya raba da garuruwansu, suna zaune a ɗaki ɗaya na haya, matar da tsohon ciki, mai gidan haya kuwa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Su Burt yawan zaɓi ne ya ruɗe su, waɗannan kuwa rashinsa ne ya ƙuntata musu, amma tambayar ɗaya ce.

Kafin a amsa, ya kamata a san me a ke nufi da gida, kuma harshe kansa malami ne a nan. A Larabci wurin zama sunansa maskan, daga tushe ɗaya da sukuni, watau tsayawar abu bayan motsi, da sakina, watau natsuwar zuciya. Ko wasalin da ba ya motsi a karatu da wannan suna a ke kiransa. Da wannan tushe Alƙur'ani ya yi magana a Suratun Nahli, aya ta 80, inda Allah Ya lissafa gidaje a cikin ni'imominSa a matsayin wurin natsuwa, da shi kuma Ya yi magana a Suratur Rum, aya ta 21, inda Ya bayyana cewa an halicci ma'aurata ne domin ɗaya ya natsu zuwa ga ɗaya, da ƙauna da jin ƙai a tsakani. Ashe gini da abokin zama kalma ɗaya ta haɗa su. Haka kuma mahaifar uwa a Larabci rahim ce, daga tushen rahama, kuma da jam'inta a ke kiran zumunta.

Hausa ma ba ta bar wannan ba. Mahaifa ita ce inda ɗa ya ke kwance a cikin uwarsa, mahaifa kuma ita ce garin da aka haife shi. In Bahaushe zai faɗi asalin mutum sai ya ce can aka binne cibiyarsa. Ya kira miji maigida, ya kira mata uwargida, in kuwa zai tambayi lafiyar iyali sai ya ce ina gida, alhali ba bango ya ke gaisarwa ba. Abin da harsunan biyu suka haɗu a kai shi ne, gidan farko na kowane ɗan Adam jikin uwarsa ne. Saboda haka duk abin da ya hana uwa natsuwa, ko tsoro ne, ko yunwa, ko gorin dangin miji, ko fargabar kora daga gidan haya, to ya riga ya taɓa gidan ɗanta tun bai fito ba.

Wasu za su ji haka su ce to ai shi ke nan, gida a zuci ya ke, in akwai so da ƙauna ko gindin bishiya ya isa. Maganar tana da daɗin ji, amma shari'a ba ta yarda da ita ba. Wurin zama yana cikin abin da ya wajaba a kan miji tare da ci da sha da sutura. Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 6, ta umurci maza su zaunad da matan da suka saki a inda su ke zaune gwargwadon samunsu, kada su cuce su domin su ƙuntata musu, in kuwa masu ciki ne su ciyad da su har su sauka. Mai karatu ya lura, wannan hukuncin wadda aka saki ne, wadda zuciya ta riga ta juya mata baya. To ina ga wadda ke ɗakinta? Malaman Malikiyya sun ƙara bayani. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wadda kowane almajirin zaure ya sani, an nuna cewa matar da mijinta ya rasu tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama takaba, in gidan nasa ne ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. A Muhtasar na Shehu Halilu kuma an nuna cewa in mutum ya mutu ya bar mace da ciki, a kan dakatad da rabon gado har ta haihu. Dubi wannan adalci: manyan magada masu gemu su zauna jiran wanda bai ko shaƙi iskar duniya ba. Addinin da ya tsai da rabon dukiya saboda ɗan ciki ba zai ɗauki maganar makwancinsa da wasa ba.

Wasu kuma sun tsaya a ɗaya gefen. Su a wurinsu gida shi ne gidan gado, kowa ya bar gida gida ya bar shi, ɗan da aka haifa a wani wuri kamar bai cika ɗan dangi ba. Wannan ma tarihin Musulunci bai goyi bayansa ba. Annabi Ibrahim, tsira ya tabbata a gare shi, ya ɗauki Hajara da jaririnta Isma'ila ya ajiye su a kwarin da babu shuka babu mutane, wurin nan ne ya zama Makka. Nana Maryamu da ciki ya yi mata nauyi nesa ta yi da mutanenta, naƙuda ta kama ta a gindin dabino. Asma'u 'yar Abubakar Siddiku ta yi hijira daga Makka da tsohon ciki, tana isa Ƙuba ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu, shi ne ɗan fari da aka haifa wa Muhajirai a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tauna dabino ya sa masa a baki, Musulmi suka yi murna. A nan ƙasar ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da mata da yara, cikinsu har da 'yarsa Nana Asma'u tana 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya. Jama'a suka yi shekaru suna sauka suna tashi, a 1806 Shehu ya rubuta littafi sukutum a kan wajibcin hijira, sai a 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Birnin da mutane ke alfahari da shi a yau a matsayin gidan gado, waɗanda suka rasa gida ne suka gina shi.

To in ba zuciya kaɗai ba ce, ba kuma gado kaɗai ba, da me za a auna? Addu'ar Annabi Ibrahim ta isa ma'auni, domin addu'a ce ta uba wanda ya ajiye jariri a baƙon wuri. In aka haɗa abin da ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 126, da Suratu Ibrahim, aya ta 35 zuwa 37, za a ga abu huɗu ya roƙa. Ya roƙi aminci ga garin. Ya roƙi a nisanta shi da 'ya'yansa daga bautar gumaka, su zama masu tsai da salla. Ya roƙi zukatan mutane su karkato zuwa gare su. Ya roƙi a azurta su da 'ya'yan itatuwa. Aminci, addini, mutane, abinci. Bai roƙi faɗin fili ba, bai roƙi tsawon soro ba. Duk wurin da ya tara waɗannan huɗu gida ne, ko da bukka ce ta haya. Duk wurin da ya rasa na farkonsu, ko da nan aka binne cibiyar kaka da kakanni, barinsa ba butulci ba ne, kuma magidancin da ya kwashe iyalinsa daga ƙauyen da a ke kai wa hari bai yi abin kunya ba.

Na ukun nan, watau mutane, shi ne wanda zamani ya fi rainawa, shi ne kuma wanda su Burt suka rasa. Kuɗin jirgi suna da shi, abin da babu shi ne tsohuwar da za ta karɓi jariri da tsakar dare. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Hadisi ya zo cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Manzon Allah wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka mutum biyu ba su isa renon ɗa ba, shi ya sa Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. Wannan ne ma amsar wanda ke mamakin mutanen bakin gulbi, yana cewa me ya sa su ke komawa inda ruwa ya taɓa cinye su. Suna komawa ne domin can abincinsu ya ke, can masallacinsu, can waɗanda za su zo barka da waɗanda za su zo gaisuwar mutuwa. Wanda zai ce su tashi, sai ya nuna musu tudun da za su sami waɗannan, in ba haka ba ya raba su da uku domin ya ba su ɗaya.

Akwai mai cewa duk wannan lissafi rashin tawakkali ne, ai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, kowane ɗa da arzikinsa ya ke zuwa. Gaskiya ne arziki na Allah ne, kuma Alƙur'ani ya yi hani mai tsanani ga kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Amma Hajara da ta sallama wa Allah ba ta zauna ba, sai da ta yi safa da marwa sau bakwai kafin Zamzam ya ɓuɓɓugo. Nana Maryamu tana cikin zafin haihuwa aka umurce ta ta girgiza kututturen dabino, alhali Wanda Ya ba ta ɗa ba tare da uba ba Yana da ikon zubo mata 'ya'yan ba tare da girgiza ba. Balaraben da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Mutumin da matarsa ke da cikin wata takwas, bai san inda za ta haihu ba, bai san abin da zai kai ta asibiti ba in dare ya yi, bai ajiye ko kwabo ba, yana cewa Allah na nan, wannan sakaci ne ya sa wa rigar tawakkali.

Kishiyarsa kuma shi ne saurayin da ya ce ba zai yi aure ba, ko magidancin da ke baƙin ciki da cikin matarsa, wai sai ya gina nasa na kansa da siminti da kwano. Ayar da ta wajabta wurin zama cewa ta yi gwargwadon samu. Ɗakunan matan Annabi na tubalin laka ne da zarben dabino, Hasanul Basri ya ba da labarin cewa yana yaro ya kan shiga ya taɓa rufinsu da hannunsa. Sayyidina Aliyu da Nana Faɗima ma a gidan da Harisatu ɗan Nu'umanu ya bar musu suka zauna kusa da Manzon Allah, a irin wannan zama aka haifi Hasan da Husaini. Haya ba aibi ba ce, aro ba aibi ba ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a wurinsa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne.

Saura a auna al'adar goyon ciki da wannan ma'auni, domin a nan ne rigima ta fi tashi tsakanin surukai. Hikimarta a fili ta ke. Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba tana bukatar uwarta, wadda ba ta jin kunyar gaya mata inda ke ciwo, kuma kwana arba'in na hutu rahama ce. Amma al'ada baiwar maslaha ce, in ta juya ta zama cuta sai a gyara ta. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a wannan shekara ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Abin da ya fi kashe su, irin su zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, ba su jiran gari ya waye. Tun a shekarun 1970 kuma likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

A ɗauka ga magidanci yana zaune a birni kusa da asibiti, ga surukarsa a ƙauye a ƙetaren gulbi, watan haihuwa kuma ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da hanya ke iya yankewa. In ya hana matar tafiya a ce ya raina iyayenta, in ya bar ta ya jefa rai biyu cikin hatsari. Malaman usulu sun jera abubuwan da shari'a ta zo ta kiyaye, rai kuwa yana gaba da al'ada nesa ba kusa ba, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya cewa kawad da cuta a ke gabatarwa a kan jawo amfani. Mafita a nan ita ce a juya tafiyar: uwa ta zo wurin 'yarta, miji ya ɗauki nauyin zuwanta da zamanta cikin girmamawa. An sami manufar al'ada, an kuma tsare rai. In kuwa gidan iyayen ne ya fi kusa da magani, to ta tafi, amma miji ya sani ciyarwa ba ta faɗi daga kansa ba don matarsa na gidansu. Haka kuma in zaman gidan gado ya zama wa mace ƙunci saboda dangin miji, Malikiyya sun ba ta, bisa sharuɗɗan da suka ambata, ikon ƙin zama tare da su. Mai ciki ba ta cancanci a bar ta tana kuka a ɓoye don kada a ce ɗa ya fita daga gidan ubansa ba.

Amma duk wannan magana ce ga mai zaɓi. Ita matar da ta gudo daga Sabon Birni da ciki, mijinta an kashe shi ko ya ɓace, ba ta da tambayar da za ta amsa. Tambayar ta koma kan jama'a. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina ba sansani aka kafa musu a bayan gari ba, cikin gidaje aka shigad da su, aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutum da mutum, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahmani ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdullahi ɗan Zubairu bai zama ɗan Madina don uwarsa ta zaɓi gari mai kyau ba, sai don mutanen garin sun buɗe ƙofa. Suturta wanda ba shi da makwanci farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Mai kangon da ya bar 'yan gudun hijira suka raɓa a ciki yana da lada, in ya sa musu ƙyaure da rufi ladansa ya ƙaru. Mai gidan hayar da ya yi wa magidanci jinkiri har matarsa ta yi arba'in ya shiga cikin waɗanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta kwaɗaitar, masu saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Mawadatan da ke neman sadaka mai gudana su tuna waƙafin ɗakuna ga masu jego marasa galihu bai gaza gina masallaci na biyar a unguwa ɗaya ba, kuma jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da za a iya bi ta hannunta. Hukuma kuwa, wadda amanar madatsun ruwa da gadoji da tsaron ƙauyuka ke wuyanta, ita ce farkon wadda za a tambaya, domin aminci ne Annabi Ibrahim ya fara roƙo.

Abu ɗaya ya rage daga labarin su Burt wanda ya dace sababbin ma'aurata su riƙe. Sun yi ta leƙa gidajen mutane suna neman wanda ya cika ba shi da aibi domin su kwaikwaya, ba su samu ba, kuma ba za su samu ba, domin kowane gida da irin hayaƙinsa, na nesa ne ke ganin kamar turare ne. Tsohon gidan da suka koma ma kango ne da ba kowa a ciki, aikin mai da shi gida yana gabansu. Haka abin ya ke ga kowa. Ƙasa da bango a kan gada ko a saya ko a yi haya, amma natsuwa sai an gina ta kullum, da salla a kan lokaci, da halal a tukunya, da sassauta harshe tsakanin miji da mata, da gaida maƙwabci, da taka ƙafa zuwa ga dangi, tun da zumunta a ƙafa ta ke. Ranar da za a yi wa jariri kiran salla a kunne, ba zai san ko ɗakin na ubansa ne ko na haya ba, amma zai san ko ƙirjin da aka ɗora shi a kai a natse ya ke.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa Sunna. Allah Ya mai da waɗanda aka raba da garuruwansu gida cikin aminci, Ya kiyaye mutanen bakin gulbi daga ambaliya, Ya sa gidan ƙarshe ya zama Aljanna. Amin. Wasalam.